Ƙorafi Kan Kayar da Jincy Kuriakose a Jarrabawar Busa Sarewa

Zuwa ga:
Mai Girma Shugabar Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Ilanjikkara,
Jihar Kerala.

Daga:
Kamalakshi Amma,
Gidan Marar, Layin Bakin Kogi, Ilanjikkara.

Litinin, 14 ga Agusta, 2023.

Game da: Sakamakon ɗaliba Jincy Kuriakose, 'yar aji uku, a darasin Kiɗa a Aikin Jinya.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinki, ni ce mai suna a sama, tsohuwar mai buga takardu a kotun majistare. Ban haɗa dangi da wannan ɗaliba ba, addininmu ma ba ɗaya ba ne, kuma ba ta san na rubuto ba. Ga ƙorafina:

1. Mijina, Malam Sankunni Marar, ya koyar da kiɗa a makarantar sakandare har ya yi ritaya. Mutum ne da ba ya jin kuskure ya kyale. Yana gyara wa ɗalibai, yana gyara wa mawaƙan rediyo alhali ba jin sa suke ba, ya ma taɓa tsayar da makaɗa ranar aurenmu ya sa suka sake daga farko. Ranar 9 ga Fabrairu ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Tun daga lokacin yake kwance a asibitin kwalejinku. Na yi shekaru ina fatan gidanmu ya yi shiru. Ban san haka shirun yake ba.

2. A watan Yuni kuka turo Jincy. Aikinta shi ne ta juya shi a kan gado, ta ba shi kunun shinkafa, sannan ta busa masa sarewa kamar yadda darasin ya tanada. Ranar 19 ga Yuni ta yi kuskure a tsakiyar wani take. Malam ya ɗaure fuska, ya ɗaga ɗan yatsan hannun da likita ya ce mu cire rai da shi. Ni ban gani ba, ina ɓare ayaba. Ita ta gani.

3. Daga nan ta shiga yin kuskure da gangan, da sanin babbar nas ta ɗakin. Ta ce mini, "Mama, ki yi haƙuri da kunnenki, so nake in ƙular da Baba har ya zage ni." Na jure. Sauran majinyatan ɗakin ma sun jure, in ban da wani direban bas da ya nemi a sauya masa gado. Malam ya fara da tsaki, ya koma gurnani, cikin watan Yuli ya kai ga cewa "A'a."

4. Ranar Juma'a, 21 ga Yuli, Dokta Ajithkumar Panicker na sashen kiɗa ya zo yi mata jarrabawa a gaban gadon Malam. Na ja ta gefe na ce yau dai ta busa daidai, don girman iyayenta. Ta fara daidai. Sai Malam ya lumshe ido ya juya fuska bango. Ta dube shi, ta dubi Dokta, sannan ta kai daidai gaɓar da Malam ya fi so a taken ta karkace ta. Malam ya juyo ya ce, da muryar da ɗakin duka ya ji, "Ke! Wane jaki ne ya koya miki busa?" Wannan ce cikakkiyar maganarsa ta farko tun Fabrairu. Babbar nas ta saki farantin magani. Abin da ni na yi bai dace a sa shi a takardar hukuma ba. Daga baya aka shaida mini cewa Dokta Panicker ne ya koya mata. Malam bai sani ba, ina kuma ba da haƙuri a madadinsa.

5. Dokta ya kayar da ita. Da ta so yin bayani, ya ce shi kiɗa ya zo aunawa, ba jinya ba. Na je sashen jinya, suka ce maki na sashen kiɗa ne. Na koma sashen kiɗa, suka ce majinyaci na sashen jinya ne. A ƙarshe an ce za ta maimaita shekara, an kuma cire ta daga ɗakin tun 28 ga Yuli. Mahaifinta, mai aikin tatsar itacen roba, bai ji labari ba tukuna.

6. An turo wata ɗaliba a madadinta. Yarinya ce mai ladabi, ba ni da ƙorafi a kanta. Ba ta kuskure ko kaɗan. Kafin ta kai rabin take Malam ya yi barci. Na roƙe ta ta ɗan ɓata busar, ta ce tana tsoron makinta, ban kuma ga laifinta ba. Ni ma na gwada rera masa waƙa, amma da alama ya daɗe da cire rai da ni. Tun ranar da Jincy ta tafi bai ƙara cewa komai ba.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi, kafin kwamitin jarrabawa ya zauna gab da hutun bikin Onam: a soke wannan sakamako, a sake gwada ta a ɗakin da babu majinyaci, a ji ko ta iya, a saurari shaidar babbar nas, a kuma mayar da ita bakin gadon mijina tun yatsan nan bai sake kwanciya ba.

Na karanta wa Malam wannan takarda kafin in sa hannu. Ina cikin karantawa, da gangan na sako sunan taken da baki, na faɗe shi ba daidai ba, har sau biyu. Ya dube ni kawai.

Ina mai miƙa girmamawata, tare da jiran hukuncinki.

Taki mai biyayya,
Kamalakshi Amma.