Hotunan da Auta Ya Goge

Zuwa ga ƙanena, Autan Umma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Tunda wayarka ta zama kayan ado, ga takarda na ba direban da ke bi ta gaban shagonku. In ka ga dama ka ce ita ma ba ta shigo ba.

Wai me muka yi maka ne? Shekara biyu ba ka taka gidan nan ba, tun rabuwarka da matarka. Da ƙyar na lallaɓo ka ka zo ka ɗauki Umma hoto. Ka zo, ka ɗauka, ka saɓa jaka ka fice, ko ruwa ba ka sha ba. Yau sati uku ke nan. Umma ta sa an buga ƙusa a bangon falo, saman rediyonta, kullum sai ta tambaye ni ko hoton ya iso. Ƙafafunta sun sake kumbura, likita ya ƙara mata magani. Ka wanko mata babba, wanda take zaune ita kaɗai a kujera.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da maigidanki da yara. Allah ya ba Umma lafiya.

Babu hoto, Yaya. Na goge su duka.

Kin san aikinmu. Tun ina koyo maigidan shago ya horar da ni cewa hoton da bai yi kyau ba a goge shi nan take, kada mai shi ya gani ya ji haushin kansa. Hoto talatin da biyu na ɗauki Umma. Da na koma zaure na duba su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ba harara take yi ba. Ta matse baki, ta kafe ni da ido, irin kallon da ake yi wa ɗan da ya kasa riƙe gidansa. Ban ga laifinta ba. Amma ba zan iya wanke wannan kallon in sa shi a gilashi ba, ya zauna a bango ina sane.

Ba ita kaɗai ba ce. Masu zuwa hoton fasfo, in na zaunar da su gaban farin ƙyalle na kunna fitila, duk a murtuke nake ganin su. Sai in yi ta cewa a saki fuska. Wani dattijo sau tara na sake ɗaukar sa, har ya ce wallahi in ya ƙara sakin fuska haƙoransa za su zubo. Kowa ya yi dariya, ni kuwa na san da ni ake. Yanzu maigida ya mayar da ni ɗakin baya, ina yankan hotuna da almakashi. Nan nake kwana, nan nake ci. Wani lokaci sai in yi kwana uku ban yi magana da kowa ba, kuma hakan ya fi mini sauƙi.

Ki ba ta haƙuri. Ki ce katin kyamara ne ya lalace.

Ƙanenki

*

Auta,

Sallama da gaisuwa, duk da raina a ɓace yake.

Harara? Umma? Kai, Allah ya shirye ka! A bayanka nake tsaye ranar, ina riƙe maka lemar fitilar ɗaukar hoto. Matar nan tun safe take canza ɗankwali, sau uku ta sa in duba ko kwallinta ya zauna. Da ka shigo, bakinta rawa yake yi, shi ya sa ta matse shi, don kada ta yi kuka ta ɓata maka hoto. Ka san ta, ba ta iya kallon kyamara ba, kai take kallo. Da ka fita ta ce mini ka rame, ta tambaya ko akwai mai dafa maka abinci. Maganar matarka ko sau ɗaya ba ta ɗaga ba.

Ban ce kati ya lalace ba, ban iya yi mata ƙarya. Na ce za ka dawo ka sake ɗauka.

Na karanta wa likitan Umma wani sashe na takardarka, ka yi fushi in ka so. Ya ce ciwon damuwa da zaman kaɗaici sukan sa mutum ya riƙa hango fushi a fuskar da babu komai a cikinta, murmushi kuwa ya wuce shi bai gani ba. Ya ce ciwo ne kamar kowane, ana maganinsa. Na ji tsoro, Auta, har yanzu ina ji.

An kwantar da Umma a asibiti shekaranjiya, zuciya ce. Ɗakin mata, gado na huɗu daga ƙofa. Ana barin masu dubiya daga ƙarfe huɗu zuwa shida. Ka zo da kyamararka. Ba roƙon ka nake ba, umarni ne.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya mai jiki?

Na zo ranar Talata. Ba ki gan ni ba, kin juya baya kina matse mata lemo. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin, wajen gilashin nan, kyamara a wuyana. Duk hanya ina maimaita abin da kika rubuta, cewa idona ne ba shi da lafiya. Na yarda da ke, wallahi na yarda.

Sai ta ɗago ta gan ni. Yaya, kallon nan ne dai. Na ce wa kaina ƙarya ne, na rufe ido na buɗe, yana nan. Wata nas ta zo wucewa ta dube ni, ita ma haka. Na kasa shiga. Na sauka na zauna a benci kusa da wurin karɓar magani har aka kaɗa ƙararrawar tashi, sannan na nemi mota.

Shekara goma sha ɗaya ina cin abinci da fuskokin mutane, yau na kasa karanta ta uwata. Na gaji da kaina. Ke da idonki ke da lafiya, don Allah ki faɗa mini abin da ke fuskarta lokacin. Abin da kika ce shi zan riƙe. In na samu ƙarfi zan dawo ranar Asabar.

Ƙanenki

*

Auta,

Assalamu alaikum.

Umma ta rasu jiya Alhamis da hantsi. Na kira ka sau goma sha huɗu.

Ka tambaye ni fuskarta. Ban gani ba lokacin da ta hango ka, na juya baya, kamar yadda ka ce. Na dai ji ta kama hannuna ta ce, "Tayar da ni zaune, ki gyara mini ɗankwali, Auta ya zo da kyamara." Na tayar da ita, na gyara. Na leƙa ban ga kowa ba, na ce ko idonta ne. Ta ce a'a, fitila ka je ɗaukowa.

Haka ta zauna, ta miƙe wuya, tana kallon ƙofa, ta ƙi jingina don kada ɗankwalin ya karkace, har aka kaɗa ƙararrawa.

Ka zo gida. Ba sai ka kalli kowa ba.

Yayarka