Amsar Dutsen Murhunki

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in kawo miki amsar aiken da kika yi mini tun ina saurayi. Na san na makara, amma ai kin san halina da nawa.

Kin tuna rumfarki ta bakin kamfanin fata a Challawa, inda ma'aikata ke layin shinkafa da wake? Duwatsun murhun maƙwabtanki kullum cikin fashewa suke, naki uku kuwa ko tsagewa ba sa yi. Baƙaƙe ne masu ƙananan ramuka, wani direban babbar mota ya ɗauko miki daga Biu.

Shekarar da na sami gurbin karatun duwatsu a jami'a, Baba ya riga ya samo mini aiki a kamfanin. Ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya ciyar da iyali da dutse ba, ranar Litinin in shirya in bi shi. Na haƙura, raina a ɓace.

Ba ki yi musu da shi ba. Sai kika zaro dutse ɗaya, kika tokare tukunya da guntun bulo, kika miƙo mini a gabansa da sauran ɗuminsa. Kika ce, "Je ka tambayo mini inda ya koyi jure wuta." Baba ya dubi tukunyar da ta karkace, ya dube ki, bai sake zancen Litinin ba.

To ga amsar. Malamanmu sun ce can ƙarƙashin ƙasa wani zafi ne ke tasowa a hankali kamar tafasar kunu, ya narkar da dutse, ya huda ƙasa ya malalo. Haka aka yi tsaunukan Biu. Ramukan nan kuma iska ce ta fice yana hucewa. Ashe a cikin wuta aka haife shi, ta icce me za ta yi masa?

Kin rasu ina aji uku, ban kai ga gaya miki ba, kuma abin yana cina har yau. Dutsen yana kan teburina da baƙin hayaƙinki. Ɗaliban da nake koyarwa yanzu sun sha roƙona su yanka shi don bincike, na hana.

Na gode, Inna. Allah ya haskaka kabarinki, ya nisanta ki da wuta. Ta duniya da kika sha dominmu ta isa.

Autanki mai kewarki,
Habibu