Kwalayen Takalma Biyar

Bron, 3 ga Maris

Zuwa ga Yaya Husainatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Alhaji da yara da dukan mutanen Montreuil. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta.

Yaya, na yi ɓarna, kuma bakina ba zai iya faɗa miki a waya ba. Kin san ƙanenki, maigidana Malam, ya shekara shida yana bin tsoffin kalmomin Ingilishi waɗanda Turawan ma sun daina faɗa, yana gwada su da masu kama da su a Faransanci da Italiyanci da Latin. Kowace kalma da katinta. Katunan sun cika kwalayen takalma biyar.

An ce in bar gidan nan ƙarshen Afrilu, tunda na ɗalibai ne. Da na fara haɗa kaya, sai na ga bayan kowane kati da rubutun Larabci. Ban karanta ba, don idona ba ya jure ganin hannunsa. Na ɗauka addu'o'i ne. Ke ma kin san ba a kai irin wannan bola. Na zuba kwali ɗaya a tsohuwar tukunya, na ƙona shi a baranda kamar yadda Inna ke yi, har ina ganin na kyauta masa.

Washegari takardar malamarsa ta Paris ta iso. Ta ce littafinsa saura kaɗan, tana so a fitar da shi da sunansa, amma hukuncin kowace kalma yana bayan katunan, a rubutun da ita ba ta sani ba. Sai a lokacin na duba. Ba addu'a ba ce, Yaya. Hausa ce a ajami. Wani katin ya ce "dangi ne", wani ya ce "kama da Wane ba Wane ba ce", ga dalili a ƙasa.

Wahalarsa ta fiye da shekara na mai da toka da hannuna. Ban amsa wa matar ba tukuna. Ki gaya mini, in ce mata dama kwalayen huɗu ne?

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Biba

Bron, 19 ga Maris

Zuwa ga Yaya Husainatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, kuma ƙafar Alhaji ta yi sauƙi.

Takardarki ta same ni. Faɗan da kika yi mini na karɓa, gaskiyarki ce, ba a rufe ɓarna da ƙarya. Na gaya wa malamar komai. Tunda ina takaba, ita ta shigo jirgin ƙasa ta zo Lyon, ta ƙaraso nan Bron. Ta daɗe tana kallon tukunyar. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu kowace Talata tana kira, ina karanta mata bayan kati ina fassarawa da ɗan Faransancina. Ni da na tsaya a aji shida, ashe karatun allona ne zai yi rana a nan.

Na kwalin da ya ƙone, tana da jerin kalmomin, hukuncin ne babu. Malam yana da ɗabi'ar karanta mini katunansa ina girki, ni kuwa ina ce masa ya bar ni in ji da miyata. Da ta kira *fain*, sai na ji muryarsa: wai farin ciki take nufi, *faim* ta Faransanci kuwa yunwa ce, babu abin da ya haɗa su sai fuska. Da ta kira *dolour*, na tuna ya ce ita da *douleur* da *dolore* uwarsu ɗaya, dukansu ciwo ne. Nan na ajiye wayar na yi kuka.

Cikin ɗari uku da wani abu, arba'in da ɗaya na tuna. Sauran ta ce za ta sake bi da kanta, amma ba za su zama nasa ba. Kullum ina dafa miyar kuka in tsaya inda nake tsayawa, ko wata kalmar za ta dawo mini. Jiya biyu sun dawo.

Ki sa ni a addu'a. Da na sani da na bar miyar ta ƙone, na saurare shi.

Ƙanwarki,
Biba