Tukunya Mai Lamba Tara

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan yara suna lafiya. Yaya, na yi ɓarna.

Kin san Dakta shekara biyu yana kan tukwanen tumatirinsa a ɗakin gilashi na wurin aiki. Ya ce saiwa ma numfashi take yi, idan ruwa ya shanye ta sai ta shaƙe. Wai a cikin tsiro akwai wasu 'yan saƙo da ake kira ƙananan RNA, su ke cewa, "Rage aiki, adana ƙarfi har iska ta dawo." Kowace tukunya da irin wanda ya ƙarfafa mata, da lambarta a jikin ɗan tsinken roba.

Ya nutsar da su kwana goma. Duk sun ruɓe, sai ta bakin taga, tana tsaye kamar jaruma a babin ƙarshe. Amma tukwane uku ba tsinke, har da ita. Ni na zare su ina alamar shafi a littattafan labarin da nake karantawa idan na kai masa abinci. Littattafan suna wurinki. Ran Alhamis zai tsaya gaban kwamiti, in ba hujja su rufe aikin.

Ƙanwarki mai neman agaji.

*

Auta,

Muna lafiya, ke ce dai ba lafiya ba. Mutum na neman abin da zai ceci gonaki, ke kina neman inda kika tsaya! Na ga tsinke uku: huɗu, tara, sha ɗaya. Wanne ne? Kuma ki gaya wa mijinki yau, kar ki jira ya karanta a fuskarki.

Yayarki.

*

Yaya,

Barka da aiki. Na gaya masa. Ya cire tabarau ya goge, ya sake gogewa, sannan ya ce, "Gimbiya, gwada ukun sai mako biyu. Ɗaya kuwa kwana biyu ne."

Sai na tuna! Sau ɗaya na taɓa zama bakin taga, ranar da ma'aikaciyar jinyar nan ta cikin labarin ta fasa shiga jirgi ta dawo. Na yi kuka har na kasa ci gaba, na miƙa hannu na zare tsinke. Ki duba littafi mai shuɗin bango.

Taki har kullum.

*

Auta,

Tara ne. Shafin har ya kumbura da hawayenki. Allah Ya shirya.

*

Yaya,

Tara ɗin ce! Gwaji ya tabbatar, kwamiti sun ƙara masa shekara uku. Ya dawo da littafi sabo, da tsinken roba ashirin marasa lamba. Ya ce, "Waɗannan naki ne. Na cikin tukunya kuwa na ɗaure su da waya."

Ki gaishe da yara.