Tarin Kamiyon Mas'udu

Garwa, ranar Litinin

Zuwa ga jikana Mas'udu,

Kafin in gaishe ka, amsa mini wannan. Mene ne abin da bai kai farcen jariri kauri ba, nauyinsa bai kai na ɓawon gyaɗa ba, amma ya tsayar da kamiyo, babbar mota mai ɗauke da shanu talatin, a tsakiyar hawa, ya kuma raba magidanci da aikinsa? Riƙe ta, ka yi ta juyawa.

Bayan haka, ina fatan kana lafiya. Yaya Kuseri, yaya zafi, yaya Nazira da yaran? Su ina gaishe su da zuciya ɗaya. Kai kuwa rabin gaisuwa na aiko maka, sai ka zo ka karɓi sauran. Tunda ka daina ɗaga wayata, na koma ga biro. Aji huɗu na yi, amma ya ishe ni in yi maka faɗa.

Ƙanwarka Hibatullahi ta zo mini da idanu jawur. Ta ce ka karɓe makulli daga hannun mijinta Taufiƙ a tsakiyar tasha, gaban direbobi da dillalan shanu, ka ce shi ya kashe maka turbo, fankar nan da ke hura wa inji iska, da ganganci, wai yana taka mota kamar ta maƙiyinsa. Shekara bakwai yana ja maka wannan kamiyo, ko akuya bai taɓa bankewa ba. Yanzu duk mai motar da ya tunkara sai ya kau da kai, don maganar ta fito daga bakin surukinsa. Ya ce idan wata ya ƙare bai sami mota ba, zai kwashe iyalinsa su koma Banyo ya yi acaɓa. Wato za ka raba ni da Hibatullahi da 'ya'yanta uku, ni da ƙafata ba ta ƙara hawa mota mai nisa.

Na sa Taufiƙ ya zauna ya ba ni labari tiryan-tiryan. Da sanyin safiya suka ɗora shanu a Ngong, injin na tafiya lafiya lau. Sai da ya yi zafi, suka kama hawan dutsen Ngawundare, ya fara tari, fat, fat, ta wajen da yake shan iska. Ƙarfi ya tafi, daga ƙarshe tiyon iska ya fizge. Ba ta bututun hayaƙi ba, ka ji da kyau, ta baki.

Shekara arba'in da ɗaya ina kai wa kakanka Malam Ishaku tuwo gareji. Ban taɓa riƙe sifana ba, amma kunnena ya yi karatu. Motar da ke tari ta baki ba ƙafar direba ce ta sa ta ba.

Ka zo ka buɗe injin nan da kanka. Ka gaida Nazira.

Kakarka,
Ummuhani

Garwa, ranar Asabar

Zuwa ga Mas'udu,

Gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya kai da iyali, da fatan kuma kunnen nan naka ya warke, don na ga alama ya toshe.

Saƙonka na murya ya iso ta wayar Hibatullahi, an kunna mini har sau biyu. Wai Kaka ta tsaya ga teburinta na ashana da magi, ta bar maganar inji ga masu ita. Madalla da mijin nan nawa da ba ya cefane sai baƙar magana. Ni na wanke ka ranar da aka haife ka, kuma tun a ranar bakinka ya fi kanka girma.

Sabon turbon da ka aiko tare da makullin motar ya iso garejin Théodore, ya ɗaura kamar yadda ka umarta. Na sa aka kai ni a bayan babur, na zauna a kan benci ƙarƙashin dalbejiya da carbina. Aka tayar, injin ya yi ta waƙa, masu kallo suna ta murna. Na ce a bar shi ya yi zafi tukuna. Aka zaga da shi har gadar Binuwai aka dawo, ko tsayawa bai gama yi ba ya saki tarinsa, fat, fat, kamar tsoho ya shaƙi barkono. Taufiƙ yana gida a lokacin, ƙafarsa ba ta kusa da motar. To wa za ka kora yanzu?

Théodore dai ka san shi, furfura ta cika masa kai, amma a hannun kakanka ya koyi aiki, kuma bai manta ba. Ya juya tsohon turbon da ka ce ya mutu, fankarsa na juyawa sumul, ba ta girgiza, ba mai a jikinta. Ya duba matatar iska, tsaf. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu, babu inda ke huci. Ya duba bututan gazuwal, wato man dizal, ko an sauya musu wuri, kowanne yana gidansa. Sannan ya kafa doguwar sukundireba a kan injin, ya manna kunnensa a ƙotarta, ya daɗe. Da ya ɗago sai ya kalle ni, ni ma na kalle shi. Injin kamiyo mai lafiya yana da 'yar ƙara a samansa, cak-cak-cak, kamar keken ɗinki. Naka shiru yake yi a wurin. Ya ce wani ya taɓa supap, wato ƙofofin nan da ke buɗewa iska ta shiga, hayaƙi ya fita. Ya ce shi dai ba shi ba ne, kuma ba zai buɗe murfin ba sai da izinin mai mota.

Ka san wanda ya taɓa, ni ma na sani. Ban faɗa wa kowa ba, har Hibatullahi, don ina so ka faɗa da bakinka. Jiya na ga ta fara ɗaure tukwanenta a buhu. Na ba ka zuwa Laraba. In ba ka zo ba, izinin da Théodore ke jira ni zan ba shi, mu ga ko zai ƙi matar da ya ci tuwonta shekara tara.

Ka gaida yaran.

Kakarka da ka raina,
Ummuhani

Garwa, ranar Juma'a

Zuwa ga Mas'udu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, Nazira da yara ma haka. Mu nan lafiya, har ta fi ta makon jiya.

Laraba ta zo, ba ka zo ba. Na aika tasha aka kira shugaban direbobi da mutum huɗu daga cikin waɗanda ka tozarta Taufiƙ a gabansu. A kan idonsu Théodore ya buɗe murfin, injin yana sanyi. Ya ɗauko ma'auninsa mai ganye-ganyen ƙarfe ya zura a 'yar tazarar da ake bari a kan kowace ƙofa. Ya ƙi shiga. Ya rage, ya ƙi. Sai mafi sirantar ganyen ne ya wuce, kuma haka ya samu a kan dukkansu, ɗaya bayan ɗaya, aikin mutum mai haƙuri da rashin sani. Ya yi musu bayani da Fulatanci da Faransanci don kowa ya ji: ƙarfe idan ya yi zafi miƙewa yake yi, tazarar nan ita ce wurin miƙewarsa. In ta yi kaɗan, ƙofa ba ta rufuwa, wuta ta biyo ta hanyar iska ta fito. Shi ya sa da safe lafiya, a hawa tari. Biyu ma sun fara ƙonewa, sai da ya sauke kan injin ya gyara musu zama.

Jiya aka gwada. Taufiƙ na ce ya ja, da buhunan masara cike, har Ngong ya dawo, ko atishawa babu. Ya sauko ya miƙa mini makullinka, ga shi nan a ƙarƙashin filona. Ba zai ƙara ja maka ba, kuma ban roƙe shi ba. Wani dillalin shanu da ya ga abin da idonsa ya ba shi motarsa tun kafin ya wanke hannu. Hibatullahi ta kwance tukwanenta. Kai kuwa sai ka nemi direban da zai yarda da kai, don shugaban direbobi ya tambaye ni wa ya yi wannan aiki, ni kuma ba na ƙarya ranar Laraba, balle sauran ranaku.

Na san abin da ya ja ka. Kana ƙarami kana leƙen kakanka yana auna tazarar nan ba tare da ma'aunin kanti ba, kana ganin abin burgewa ne. Kwana biyu kafin tafiyar Taufiƙ ta Ngawundare ka zo da safe ka ɗauki abu guda a teburina, ka ce Kaka a yafe. Da yamma ka dawo hannunka baƙi ƙirin da mai, gemunka kuma yana nan yadda yake. Tun ranar na ajiye abin a raina. Ka ga abin da kakanka ke riƙewa, ba ka tsaya ka ƙirga ba. Shi uku yake haɗawa ga ƙofar iska, biyar ga ta hayaƙi. Da ka tambaye ni da na gaya maka, don ni nake sayo masa.

Kuskuren ban riƙe ka da shi ba, kakanka ma ya yi nasa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ka ɗora wa mijin ƙanwarka, kuma ka ji gaskiya ta matso ka yi shiru. Ka zo ka ba shi haƙuri a tashar da ka kunyata shi, sannan ka biyo ta nan ka karɓi makullinka da sauran gaisuwarka.

Kakarka,
Ummuhani

Af, na kusa mantawa da tambayata. Reza ce, guda ɗaya, wadda ka ɗauka a teburina.