Ƙafar da Ta Taka Farin Layi

Canora, Saskatchewan

Lesia, ɗiyar yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Mu nan an gama kai alkama rumbu, ƙanƙara ta sauka, ba abin da ya rage sai zaman gida da surutu.

Surutun kuwa naki ake yi. Kin san abin da ya faru ranar Asabar, tunda kina cikin ɗakin bidiyon nan na Toronto, inda ake sake duba hukuncin alƙalan wasan ƙwallon zari-ruga irin na Kanada. Yaron ƙungiyarmu mai lamba tamanin da ɗaya ya cafe ƙwallo a kusurwar fili, ubanki Nestor, da yake alƙalanci, ya ɗaga hannu biyu ya ba mu maki shida, filin ya ɗauki ihu. Sai aka ce a dakata, ana dubawa. Muka tsaya cikin sanyi har ƙafafuna suka mutu, sannan aka ce ƙafar yaron ta taka farin layi, wato ta fita daga fili, an soke makin. Da haka aka fitar da mu daga gasar bana.

Jiya na shiga shagon gahawa na tarar da tsofaffin nan a teburinsu. Slawko mai gyaran tarakta yana dukan tebur yana cewa, "Nestor na tsaye dab da yaron. Mutum da idonsa, a ce wani akwati a Toronto ya fi shi gani?"

Fada Ihor ya ce, "To, Slawko, ai mun ga hoton, ƙafar na kan layi."

Ya ce, "Fada, kai dai riƙe cocinka. In hoto ne zai yi alƙalanci, a sallami alƙalan kowa ya huta."

Wani daga baya ya ce, "Ai 'yarsa ce ma ta zaƙulo hoton, wai." Da suka gan ni kowa ya sunkuya kan kofinsa. Raina ya ɓaci, Lesia.

Shi kuwa ubanki ya zama gwarzo, ko gahawa ba ya biya. Kuma ga albishir: an zaɓe shi cikin alƙalan wasan ƙarshe, abin da ya yi shekara da shekaru yana jira. Ya cire wayar gida saboda 'yan rediyo, ta hannu kuma kin san halinsa, tana cikin aljihun tebur. In kina da magana ki rubuto. Ya kuma goge gefen motarsa da ƙyauren gonar, karo na biyu ke nan, ya ce santsi ne.

Ki ci abinci, kin rame a hoton da kika aiko.

Titkarki, ƙanwar ubanki,
Stefka

Toronto

Tato,

Ina gaishe ka da girmamawa, mahaifina, ina kuma taya ka murna. Na kira har na gaji.

Gaskiya ne, ni na nemo hoton. Aikina ke nan: shugaban ɗakin ya ce a ba shi hoton ta wata kusurwa, na ba shi, shi ya yanke hukunci. Ƙafar na kan layi, kuma ba na neman afuwar kowa a kan wannan.

Abin da ya hana ni barci wani hoton ne daban, wanda ban nuna wa kowa ba. Akwai kyamara a bayanka. Kafin a cafe ƙwallon, wani ƙaton mai tsaron baya ya taho da gudu ta hagunka, ya wuce ka har iskarsa ta kaɗa rigarka. Ba ka motsa ba, Tato. Ko ƙiftawa ba ka yi ba. Ni da na tashi ina kallonka a bakin layi, na san tun mutum yana nesa kake matsawa. Sai na koma wasannin bana ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ya zo ta dama kana ganinsa. Na hagu sai ka juya kai gaba ɗaya, in ka yi sa'a. Ƙafar yaron nan ta hagunka take.

Titka ta ce min motar ma ta sake bugun ƙyaure. Ban tambaye ta wane gefe ba, na sani.

Tun yaushe? Ka faɗa min gaskiya, don Allah. Tsoro nake ji.

Ɗiyarka,
Lesia

Canora

Zuwa ga Lesia,

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso.

Tun bazara ne. Ina kan tarakta na ga gefen gonar ya yi duhu kamar an ja labule. Na ɗauka gajiya ce. Gwajin da ake mana na farkon shekara na riga na wuce shi, don haka ban yi wa kowa ƙarya ba, shiru kawai na yi.

Ki saurare ni. Na fara busa usur a filayen makarantu kafin a haife ki. Na yi tuƙi cikin dusar ƙanƙara zuwa garuruwan da 'yan kallo ba su kai 'yan wasa yawa ba. Mahaifiyarki ta yi ta goge min rigar nan mai ratsi tana cewa wata rana za ta gan ni a wasan ƙarshe, ta rasu ba ta kai ba. Yanzu da abin ya zo, wasa ɗaya nake roƙo. Bayansa zan ajiye usur da kaina, in je duk likitan da kika ce.

Ba ni kaɗai ba ne a filin, mu bakwai ne. In na yi kuskure kuma, ai kuna nan da akwatunanku za ku gyara. Mutanen garin nan suna zagin na'urar, ni ban taɓa zaginta ba.

Na san abin da ake faɗa a kanki, kuma yana ƙona min rai. Ki ƙara haƙuri kaɗan. Kada ki kai maganar nan wurin shugabanki. Ban taɓa roƙonki komai ba.

Mahaifinki,
Nestor Hawryluk

Toronto

Tato,

Ina gaishe ka. Na karanta takardarka a tsaye, na sake karantawa a zaune, na yi kuka.

Ba zan gaya wa kowa ba. Maganarka ce, ba tawa ba, kuma ba zan iya zama wadda ta tsige ubanta ba. Zagin Slawko kuwa bai dame ni ba, tun ina ƙarama yake zagin wani.

Amma ka ce za mu gyara. Muna iya gyara maki, Tato. In ƙato ya haye ka ta hagu da gudu, a kan ƙasar da sanyi ya mayar kamar siminti, abin da zan iya kawai shi ne in maimaita hoton a hankali. Akwai kuma laifuffukan da doka ba ta ba mu damar dubawa ba, ka fi ni sani. Laifin da bai shiga idonka ba ya wuce ke nan, cutar kuma ta faɗa kan yaran da su ma wannan wasan suke jira duk rayuwarsu.

An sa ni aiki ran wasan. Zan zauna gaban allunan nan, ana biyana in bi ƙwallo, ni kuwa na san kai zan yi ta kallo. Mu biyu ke nan da ba za mu ga wasan daidai ba.

Duk abin da ka yanke, ni ɗiyarka ce.

Lesia

Canora

Lesia, 'yata,

Ina gaishe ki.

Na kira shugabannin gasar ranar Litinin na janye. Stefka ta kai ni Regina wurin likitan ido. Na hagun ya tafi, ya ce mun makara. Na daman za a iya riƙe shi.

Da muka dawo na shiga shagon gahawa na faɗa musu komai, a tsaye, na ce ban ga ƙafar yaron ba kuma hoton ne ke da gaskiya. Slawko ya dafa kafaɗata ya ce, "Nestor, mun gane, kare 'yarka kake yi. Toronto ce ta tsige ka." Na rantse, ba wanda ya yarda sai Fada. Na so in wanke ki, na kasa. Ki yafe min.

Ki zo gida da Kirsimeti. Kada ki kula kowa. In kin zo ki zauna ta damana, in gan ki da kyau.

Tato