Maigidana Ya Ce Rana Ta Yi Amai

Gwaggo Zuhra, don girman Allah ki taimake ni, gyaɗata na shirin ruɓewa a ɗaka.

Sana'ata ƙuli da man gyaɗa, duk ranar kasuwar Ajingi ina aikawa. Bana gonar maigidana, Baban Hafizu, ta yi kyau. Muka cire gyaɗa, muka tsige, na baza tamfol a tsakar gida. Kwana ɗaya ta samu a rana, sai ga shi ya shigo afujajan rungume da rediyo, wai masana sun ce rana ta yi aman wuta har ya nufo duniya. Abokinsa Kashim kuma ya nuna masa hoto a waya, ga ranar nan ja jawur, wani abu na tsartuwa daga gefenta. Shi ke nan fa. Ya ce duk abin da ke amai ba shi da lafiya, kuma shi ba zai ciyar da 'ya'yan Musulmi abin da aka yi wa amai ba. Ya kwashe gyaɗar kaf ya jibge mini a uwar ɗaka, wai sai rana ta warke.

Yau kwana biyar. Ɗakin ya fara warin fumfuna, gado ma ta gefe nake hawa. Gona kuwa da lema yake zuwa, a kan malafa. Ko wanki na shanya sai ya ce a sake ɗauraye shi. Da na ce ni ban ga amai ba, cewa ya yi irin na masana ne, ba a ganinsa da ido. Mutumin kirki ne wallahi, bai taɓa ɗaga mini murya ba a shekara goma sha ɗaya da aurenmu, amma haushi ya ishe ni, kuma tsoro nake ji. In gyaɗar nan ta lalace, ba ni da sana'a bana.

Mai ƙuli, Gafasa

Mai ƙuli, na yi dariya, amma ban raina mijinki ba. Labarin da ya ji gaskiya ne, kalmar ce ta kayar da shi. Mai fassara a rediyo ya rasa yadda zai ce rana ta fesar da wani irin haske da zafi mai ƙarfi, sai ya ari amai. Rana ba ta da ciki, balle ya ɓaci.

Masana na sa mata ido ne saboda feshin yakan dagula rediyo mai gajeren zango da tauraron ɗan'adam, wani lokaci har da layukan lantarki. Iskar da Allah ya lulluɓe duniya da ita tana tare shi tun daga can sama, ba ya sauka a kan mutum ko tamfol. Haskensa cikin minti takwas yake isowa, kafin Kashim ya lalubo hoton ma ya wuce.

Abin tsoron yana cikin ɗakinki. Gyaɗa mai fumfuna guba ce ta gaske, hanta take illatawa. Ki faɗa masa haka a natse, ba a gaban Kashim ba, tunda lafiyar jama'a yake karewa. Ku fitar da ita gobe da hantsi, ku tsince duk wadda ta canza launi ku zubar, ko kaji kada a ba.

In ya tsaya gardama, ki gaya masa feshin nan yakan tsananta ne kusan duk bayan shekara goma sha ɗaya. Ya ƙirga da kansa. Gyaɗar da aka matse aka yi soye-soyen bikinku ma a ƙarƙashinsa ta bushe, kuma na tabbata ya ci ya ƙara.

Lemar kuwa ki bar masa abarsa. Allah ya sanya albarka a ƙulinki, ya bar ku tare.